Tagar da Ke Gonar Jauro Buba

Ku da kuke zaune a kan bulo kuna danna waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya yana tsammanin kunnena ya mutu. Wai aikin Baba Ayuba ai ba aiki ba ne, siminti ne da yashi da ƙusa, ko ɗan firamare zai iya. To, kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan daram. Ban ji haushi ba. Amma tunda ku za ku gaji wannan rumfar, ko kuna so ko ba kwa so, gara ku ajiye wayar ku ji yadda ake yin gicciyen kabari, da dalilin da ya sa akwai guda ɗaya a bayan unguwar Lamorde da har yau ban gama ba.

Gicciyen farko da na sa wa hannu na wata tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa, a rumfar maigidana Baba Markus, a nan cikin Mubi. Baba Markus gajere ne, mai faɗa, ba ya maimaita magana. Ya tura mini mazubin katako da ƙafa, ya ce in shafe cikinsa da baƙin mai, lungu da saƙo, don kada siminti ya kama katakon. Ya ba ni rodi biyu in ɗaure da waya, ɗaya tsaye ɗaya kwance, in ɗaga su da 'yan duwatsu don su zauna a tsakiyar kwaɓin. Rodin da ya leƙo waje tsatsa zai yi, tsatsar ta fasa gicciye daga ciki, iyalan mamaci su zo wata rana su tarar da hannu ɗaya a ƙasa. Yashi ma ba kowanne ba. Sai na bakin mayo, wato rafi, wanda ruwa ya wanke, shi ma a tankaɗe. Yashi mai laka mayaudari ne, ranar farko sumul, bayan damina ɗaya ka taɓa shi ya zubo maka a hannu.

In an zuba kwaɓi, sai a riƙa bubbuga gefen mazubi da guduma a hankali har iskar da ke ciki ta fito. Daga baya a lulluɓe da buhu, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Duk wannan a cikin wata guda na iya shi, kuma ku ma za ku iya in kun rage surutu. Abin da ya ci mini shekaru shi ne ƙusa.

Baba Markus yana da wata doguwar ƙusa da ya goge bakinta a kan dutse har ya yi laushi. Da ita ake rubuta suna, a kan ɗanyen siminti. Siminti kuwa yana da lokacinsa. In ka yi gaggawa, ka ja harafi, kafin ka ja na biyu na farkon ya rufe bakinsa. In ka makara, ƙusa ta riƙa karce, gefen haruffa ya ɓaɓɓalle. Akwai ɗan lokaci a tsakani, kamar tuwon da ya fara hucewa, wanda in ka danna da yatsa zai lotsa amma ba zai manne maka ba. Agogo ba ya gaya maka wannan lokacin. Ranar zafi daban, ranar hadari daban. Dole ka zauna a gabansa ka jira, kana taɓawa. Kuma abin da ka rubuta ya rubutu ke nan, babu gogewa.

Ranar da ya fara miƙa mini ƙusar, sai ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Kai yaro, saurara. Kada ka taɓa rubuta abin da ba ka tabbatar ba. Mai rai in ka kira shi da sunan wani zai waiwayo ya gyara maka. Wannan da ke kwance ba zai iya ba. Kai ne bakinsa."

A wurinsa na koyi barin taga. A wancan zamani mutanenmu na kan duwatsu sukan sauko Mubi neman aiki, wani dako a kasuwar shanu, wani lebura. Ajali ya same shi a nan, abokansa su binne shi, amma laƙabinsa kawai suka sani, ba su san sunan baftismarsa ba. Dangi kuma ba za su sauko ba sai bayan girbi. To sai Baba Markus ya sa ɗan guntun katako a fuskar gicciye kafin siminti ya kama, in ya cire ya bar rami mai kusurwa huɗu, daidai tafin hannu biyu. Ya caccake cikin ramin da ƙusa ya bar shi da kaushi, don duk ranar da aka zo da suna sabon kwaɓi ya sami abin kamawa. Wannan ramin muke kira taga. Gicciye mai taga ba gamamme ba ne, jira yake yi.

Masu zuwa rumfar nan iri-iri ne. Akwai wani ɗan kasuwa da ya so in jera wa mahaifinsa muƙamansa duka, har da na ƙungiyar unguwa. Na ce masa, ranka ya daɗe, gicciye ne wannan, ba allon talla ba. Akwai matar da ta zauna a nan yini guda ba ta ce uffan ba, da na gama rubuta sunan mijinta sai ta ce in ƙara kalma ɗaya a ƙasa, "Manomi". Na ƙara. Akwai masu zuwa a guje ana gobe ranar tunawa da matattu, suna so a yi, ya bushe, a yi fenti, duk a yini ɗaya, kamar ƙosai nake soyawa.

Wannan ranar, a farkon Nuwamba, ita ce ranar da aikinmu ke fitowa fili. Ku da kuka taso a coci kun sani, amma kun fi kula da kyandir. Mu Katolika ba mu sallami matattunmu ba. Mun gaskata suna bukatar addu'armu, kuma akwai ranar da za a tashe su mu sake haɗuwa. Shi ya sa bayan Misa muke ɗunguma zuwa maƙabarta, a share ciyawa, a wanke gicciye, a kunna kyandir, Fada, limamin cocinmu, ya bi layi-layi yana yayyafa ruwa mai tsarki. A kowane kabari yakan sunkuya ya karanta abin da ke rubuce ya kira sunan da ƙarfi, mu kuma mu amsa da roƙon Allah Ya ba shi hutawa ta har abada. Abin da ƙusata ta rubuta, shi Fada ke kira a gaban Allah. In kun gane wannan, kun gane me ya sa ba na son a yi mini hira lokacin da nake rubutu.

Sai shekarar gudu ta zo. Ba sai na ba ku labarinta duka ba, wasunku a goye aka fita da su. Da safe ina cikin kwaɓi na ji harbi ta wajen hanya, kafin azahar gari ya watse. Na bar shebur a tsaye cikin siminti, muka bi daji da ƙafa har Kamaru, ni da iyalina. A lokacin Baba Markus ya daɗe da rasuwa, ƙusarsa tana aljihuna, ita kaɗai ce kayan aikin da ya bi ni. Da aka ƙwato garin muka dawo, na tarar an kwashe mazubai an yi wuta da su. Sheburin yana nan inda na bar shi, siminti ya daskare ya riƙe shi, sai da guduma na fasa.

Ban taɓa yin aiki irin na wannan shekarar ba, kuma ina roƙon Allah kada ku yi. Mutane suna ta zuwa da sunaye. Wasu an binne nasu a bayan gida cikin gaggawa, wasu a gefen hanya. Na sassaƙa sababbin mazubai, na yi ta zubawa, na yi ta rubutawa, har na daina tambayar yadda aka mutu. Sunayen da na sani ne da yawa. Akwai ranar da na rubuta sunan wanda muka yi ajin baftisma tare, na gama, na wanke ƙusa, na koma bayan rumfa na yi kuka.

A cikin wannan yanayi Jauro Buba ya zo. Musulmi ne, manomi kuma mai shanu, gonarsa tana bayan Lamorde kusa da mayo. Na san shi tun da na ɗaure masa bakin rijiya. Ya tsaya a ƙofar rumfa bai shigo ba, muka gaisa, sannan ya ce, "Ayuba, akwai mutumin ku a gona na."

Na ce, "Wane mutum, Jauro?"

Ya ce an yi faɗa mai tsanani a hanyar da ta bi ta gefen gonarsa. Da abin ya lafa ya koma duba dawarsa, sai ya tarar da mutum uku a kwance cikin kayan soja, sun kwana biyu a wurin. Shi da ƙanensa suka haƙa musu. Biyu daga ciki an sami carbi a aljihunsu, suka yi musu salla, suka sa dutse a kai. Da ya zo kan na ukun kuwa, sai Jauro ya zaro wani ƙyalle daga aljihunsa ya warware. Rozari ne, carbinmu na Katolika, fari, na roba.

"Wannan a wuyan shi yake. Wurin suna a rigan shi ya ƙone. Ni ban san yadda kuke yi ba. Na kwantar da shi gefe kaɗan, na ce Allah Ya san nashi. Yanzu kun dawo, ku zo ku yi mashi abin da ya kamata."

Muka kai magana inda ya dace, aka zo aka duba, aka ce tunda sun kwanta a bar su. Sai na zuba gicciye, na bar masa taga. Na ɗora shi a baro na tura tun daga nan har gonar, don keke napep ba ya shiga wannan hanya. Jauro da kansa ya riƙe mini shi a tsaye ina cika gindi. Fada ya zo ya yayyafa ruwa. Rozarin kuma aka ce in ajiye, ko Allah zai kawo mai shi.

Tun daga lokacin, duk Nuwamba in an gama a maƙabarta, mu 'yan kaɗan mukan taka zuwa gonar. Lokacin dawa ta kai, ta fi mutum tsawo, amma Jauro yakan bar mana siririyar hanya a ciki, kuma in yana huɗa da shanu yakan karkata garma ya zagaye kaburburan nan uku. Fada ya sunkuya kamar yadda ya saba, ya tarar da rami, sai ya ce, "Ɗan'uwanmu wanda Allah Ya san sunansa." Mu amsa. Ni kuwa duk shekara ina riga su zuwa, don zanzaro ya mai da tagar gidansa. In fasa ginin zanzaron, in wanke, in sake caccaka cikin da ƙusa. An canza mana Fada, an sake canzawa, taga tana nan.

Ana haka wata rana, damina ta ja baya, keke ya sauke wata tsohuwa a ƙofar nan. Ta sauko da ƙyar, ƙafafunta a kumbure, tana dogara sanda. Ta ce sunanta Saratu, daga kan dutse take wajen iyaka, matan zumunta ne suka ba ta labarina. Na ba ta kujera da ruwa. Ta ce ɗanta Yohanna soja ne, shi ke nan mata namiji. Maganarsu ta ƙarshe a waya ya ce mata an kawo su Mubi, kada ta damu. Daga nan shiru. Ba gawa, ba labari.

"Ban yarda an yi mashi Misan matattu ba," in ji ta. "Duk wata ina ce wa Fadan mu ya yi addu'a ma Yohanna mai tafiya. Amma Baba magini, ka ga ƙafa na. Ni ma tafiya na ya kusa. Ba na so in tafi in bar shi ba wurin da za a kira sunan shi."

Na shiga ciki na ɗauko ƙyallen. Ta karɓi rozarin da hannu biyu, ta kai shi hanci, ta kai ƙirji. Ta ce, "Irin wannan na ba shi ranan da zai tafi."

Wallahi na so in yi shiru. Amma na ce, "Mama, kada in ruɗe ki. Irin wannan yana wuyan rabin mutanen cocinmu. Nawa ma ga shi, iri ɗaya ne."

Ta ce, "Na sani."

Na kai ta wurin Jauro Buba. Ta yi masa tambayoyi, dogo ne, baƙi ne, yana da wushirya? Jauro ya sunkuyar da kai ya ce, "Dada, ba zan yi maki ƙarya ba. Sun daɗe a rana. Saurayi ne, shi kaɗai zan iya rantsewa a kai." Ta je ta tsaya a gaban gicciyen, ta sa yatsunta cikin tagar tana shafawa. Sannan ta juyo ta ce, "Ka rubuta Yohanna."

Na ce ta ba ni lokaci. Na je wurin Fada, wani matashi ne a lokacin, na zayyana masa komai, ina fatan ya ɗauke mini nauyin, ya ce yi ko bari. Sai ya ce, "Baba Ayuba, Allah ba sai Ya karanta siminti ba kafin Ya san wanda ke kwance. In ta yarda, zan yi wa Yohanna Misa ko da kabari ko babu. Rubutu kuwa hannunka ne." Na fito ina ƙunƙuni, don bai rage mini komai ba. Maganar Baba Markus tana kunnena, kai ne bakinsa. In na rubuta, wataƙila na ɗora wa bawan Allah sunan wani har ranar tashin matattu. In na ƙi, na mai da tsohuwa kan dutse hannu wofi ta mutu da abin a ranta. Kuma wa ya sani, wataƙila shi ɗin ne. Na daɗe ina juya abin. A ƙarshe ƙafafun nan nata ne suka rinjaye ni. Na aika mata cewa ta sauko ranar tunawa da matattu, zan rubuta.

Ranar na riga kowa zuwa gonar da kwangiri da cokali da ɗan siminti a leda. Mama Saratu ba ta iya zagayen maƙabarta ba, don haka jikan Jauro ya kawo ta a babur tun da wuri, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar dawa. Fada da sauran jama'a sai sun gama can za su iso. Na fasa gidan zanzaro, na wanke tagar, na jiƙa ta sosai. Cika taga a gicciyen da ke tsaye ba kamar zubi a mazubi ba ne, dole kwaɓi ya yi kauri, in ba haka ba ya zamo ya bar ka. Na cusa, na danna, na shafe fuskar da bayan cokali har ta yi daidai da sauran. Karo na farko gicciyen ya zama kamar na kowa. Sai jira.

Na gaya muku ba a gaggauta siminti. Muka zauna, ni da ita, Jauro yana tsaye can gefe riƙe da sandarsa. Ta fara ba ni labarin Yohanna, yadda yake buga ganga a coci tun yana ƙarami, yadda ba ya cin miyar kuka ko za a kashe shi, yadda ya aiko mata da kwanon rufi daga albashinsa na farko. Ina saurare, ina miƙa yatsa lokaci-lokaci ina taɓa gefen kwaɓin. Bai yi ba tukuna.

Can sai idonta ya kai kan duwatsun nan biyu. Ta ce, "Jauro, waɗannan fa?"

Ya ce, "Abokan shi ne. Tare na same su."

"Iyayen su sun zo?"

"Ba wanda ya zo, Dada. Ni ne dai in na wuce ina masu addu'a."

"Ba ka san sunan su ba?"

"Ban sani ba. Ina cewa 'ya'yan mutane."

Ta daɗe tana kallon duwatsun, tana jan rozarin nan fari a hannunta. Na sake taɓa simintin. Ya lotsa, bai manne ba. Na zaro ƙusa, na goge bakinta a rigata, na durƙusa. Na ce, "Mama, lokaci ya yi. In ya wuce ba ya dawowa."

Na ɗora bakin ƙusar inda harafin farko zai fara. Sai na ji ta ce, "Tsaya."

Na tsaya, ƙusa na taɓa siminti.

"Baba magini, in ka rubuta, an rufe ke nan?"

"An rufe, Mama."

"Matan zumunta sun ce mani akwai kabari a Mubi da ba suna. Shi ya sa na sauko. Da sun ce mani akwai suna a kai, da ban zo ba." Ta numfasa. "To in akwai wata a can, ƙafan ta ya kumbura kamar nawa, ita ma ta ba ɗan ta irin wannan? Ta ji labari, ta sha hanya, ta zo ta ga Yohanna a rubuce. Ina za ta je?"

Siminti yana ta kamawa a gabana.

Ta ce, "Cire shi. Cire tun bai bushe ba."

A duk shekarun da na yi a wannan sana'a ban taɓa kwashe kwaɓin da na shafe da hannuna ba sai ranar. Na sa bakin cokali na ƙwaƙule shi, yana faɗowa gutsi-gutsi a kan ƙasa. Na wanke ramin, na sake caccaka shi da ƙusa. Ina yi hawaye na zuba, ba na ganin abin da nake yi sosai, kuma ban ji kunyar Jauro ba don shi ma ya juya baya yana kallon dawarsa.

Muna haka muka ji waƙa tana tahowa ta cikin gona. Fada ne da jama'a. Ya iso, ya dubi tagar a buɗe, ya dubi simintin da ke ƙasa, ya dube ni. Bai tambaya ba. Ya yayyafa ruwa, ya ce kamar kullum, "Ɗan'uwanmu wanda Allah Ya san sunansa." Muka amsa. Zai juya ke nan sai Mama Saratu ta dafa sanda ta miƙe. Ta ce, "Fada, ka kira Yohanna ma. Ba mai tafiya ba. Ka kira shi cikin waɗanda suka huta. Duk inda ya kwanta, Allah Ya sa akwai mai gona irin wannan."

Fada ya kira sunan da ƙarfi, muka amsa da roƙon hutawa ta har abada. Muryarta ta fi ta kowa fitowa. Ta kunna kyandir ɗinta ta kafa a gindin gicciyen. Sauran kyandir biyu da ta zo da su ta riƙe tana duban Jauro, ya girgiza kai a hankali ya ce su ba sa yin haka, sai ta mayar cikin jaka ta ce to Allah Ya ji ƙansu, ya ce amin. Rozarin ta naɗe cikin ƙyallensa ta miƙo mini. Ta ce, "Ajiye ma mai zuwa."

Washegari aka yi wa Yohanna Misar matattu a cocinmu, ta zauna a layin gaba. Sannan ta koma kan dutse.

Ba ta ga wani Nuwamban ba. Kafin damina ta sake sauka, ɗan ƙanenta ya zo rumfar nan ya ce Mama ta rasu, kuma ta bar wasiyya cewa maginin Mubi ne zai yi mata gicciye. Na zaɓi yashi da kaina, na zuba, na zauna na jira siminti. Da lokaci ya yi na rubuta Saratu. Akwai sauran wuri a ƙasa. Na tambayi yaron ko ta ce wani abu game da wurin, ya ce ta ce ni na sani. Sai na rubuta, "da ɗanta Yohanna, soja." Wannan na tabbatar da shi, ɗanta ne, kuma soja ne. Yanzu duk shekara Fadan can yana sunkuyawa ya kira su tare.

Tagar gonar Jauro kuwa tana nan a buɗe. Jauro ya tsufa, 'ya'yansa ke huɗa yanzu, kuma su ma suna karkata garma. Har yau ba wadda ta zo. Wataƙila ba za ta zo ba sai ranar da za a kira kowa da sunansa na gaskiya, ba tare da ƙusata ba. Amma ni ban san wannan ba, ku ma ba ku sani ba, don haka ba za a rufe ta ba.

Gwiwata ba ta kai ni gonar yanzu. Nuwamba ya kusa, zanzaro kuma na tabbata ya gama gininsa. Rozarin yana cikin gwangwanin da ke saman katakon can, a naɗe. Ga ƙusar Baba Markus. Kai da ka ce ko ɗan firamare zai iya, matso ka karɓa. Ba rubutu za ka yi ba. Ka fasa, ka wanke, ka caccaka cikin ya yi kaushi, ka dawo.